Mace ta Huɗu

Ƙas. Ƙarar maɓallin tsohuwar rikoda ke nan idan an danna shi, daga nan kaset ya fara juyawa da wani siririn huci kamar numfashin mai barci. Wannan ƙarar nake fara ji duk lokacin da wata ta tare ni a ɗakin malamai ta ce, "Safiyya, wai me ya faru a Gombe ne? Kin tafi da maƙala, kin dawo da faifai." Na sha yin murmushi in ce lafiya lau aka je aka dawo. Amma tambayar ta ƙi ƙarewa, shi ya sa na ga gara in rubuta sau ɗaya, kowa ya karanta, in huta.

Ni malama ce a wata makarantar koyon aikin jinya a Katsina, ɓangaren kula da masu lalurar ƙwaƙwalwa. A wani taron ma'aikatan jinya na haɗu da Sista Rifkatu, dattijuwar nas daga Gombe wadda ta riga ta yi ritaya. Ta tambayi sunana, na faɗa, ta ɗan tsaya tana kallona, sannan ta zaunar da ni kusa da ita. Ta ce shekaru da yawa ta yi tana bin gidajen matan da suka rasa 'ya'ya, tana hira da su, tana ɗauka a kaset. Burinta ɗaya kafin ta bar duniya: ta ga sunanta a mujallar bincike, ko da sau ɗaya ne. Ita ke da muryoyin, ni ke da alƙalamin zamani. Muka ƙulla.

Ta aiko mini hirarrakin a rubuce, ta mayar da su Turanci, ta cire sunaye kamar yadda ƙa'idar aikinmu ta ce, ta sa lamba a madadinsu. Mace ta ɗaya, mace ta biyu, har zuwa ta tara. Mun yi za mu zauna mu tattauna su ɗaya bayan ɗaya. Kafin zaman ya yiwu, ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kama ta, ya tafi da bakinta. Sai na ci gaba ni kaɗai.

Mace ta huɗu ce ta kama ni. Ruwa ya ci 'yarta budurwa a wani kwari. An ce ta faɗi sunan yarinyar, ta yi shiru. An ce 'ya'yanta nawa, ta ƙirga uku, ba ta sa marigayiyar ba. An matsa mata, ta ce, "Ta ɗakin can." A kan wannan na gina maƙalar gaba ɗaya. Na rubuta cewa baƙin ciki ya yi wa matar nan nauyi har zuciyarta ta goge 'yar daga cikinta. Na yi ta gyara jimlolin har suka yi daɗi, kuma ina jin daɗin da suka yi ne ya hana ni tsayawa in yi tunani.

Mujallar da na aika wa ta miƙa maƙalar ga masu tantancewa biyu. Ga wanda bai san aikin ba, waɗannan mutane ne da ba ka ganin fuskarsu, ba ka sanin sunansu, sai dai maganarsu ta zo maka kamar daga bayan labule. Na farko ya yaba. Na biyu layi biyu kawai ya rubuta: ko marubuciyar ta taɓa ganin matar nan da idonta, kuma ina takardar amincewarta, tunda an kwaso kalamanta da yawa haka. Edita ya ba ni mako biyu in kawo takarda da sa hannu ko dangwalen yatsa, in ba haka ba maƙalar ta faɗi. Ƙanwar Sista kuma, Mama Ladi, ta riga ta gaya mini a waya cewa jikin yana ta yin ƙasa. Na ɗauki hutun kwana uku, na sayi ƙaramin akwatin tawadar dangwale, na kama hanya.

Tsakiyar damina ce. Da sassafe na bar Katsina, na sauya mota a Kano, muka miƙa ta Birnin Kudu. Kusa da ni wata Hajiya ce mai sayar da atamfofi, a ɗaya gefen wani Alhaji falken shanu da bai yi magana ba sai da muka wuce Wudil.

"'Yata, me ake kai wa Gombe?" in ji Hajiya.

Na ce takarda. Ta ce aikin me nake yi. Na ce nas ce, ɓangaren masu taɓin hankali. Alhaji ya tattare babbar rigarsa, ya matsa jikin ƙofa.

"Allah ya raba mu," in ji Hajiya. "To ke ba kya tsoron su shafa miki?"

Direba ya leƙo ta madubi. "Hajiya, ai duk wanda ya yarda ya shiga wannan motar tawa, ya riga ya shiga layinta. Ki karɓi kati tun yanzu."

Aka yi dariya, amma daga nan duk wanda zai yi mini magana sai ya rage murya. Bayan Darazo, Alhajin nan da ya guje ni ya sunkuyo ba tare da ya dube ni ba, ya ce yana da ƙane da ya daina barci, yana magana da mutanen da suka mutu, ko akwai abin da ake yi. Na gaya masa abin da na sani. Ya ce, "Ba ni na tambaya ba," ya koma jikin ƙofarsa.

A kan iyakar Bauchi da Gombe aka tsayar da mu a shinge. Wani jami'i ya ce in buɗe jaka. Na zura hannu na ji danshi. Akwatin tawadar ya buɗe tun ban san lokacin ba, ya ɓata gefen ambulan, ya rina mini babban yatsa shuɗi har gindin farce. Jami'in ya dubi yatsan, ya dubi tawadar.

"Hajiya, zaɓe za a je a yi ba a gayyace mu ba?"

Na yi masa bayani. Ya karanta kan takardar yana motsa leɓe, da ya zo kan kalmar da ta shafi ƙwaƙwalwa sai ya miƙo mini da sauri kamar ta ƙona shi, ya ce mu tafi, Allah ya ba su lafiya. Tawadar nan kuwa ba sabulun da ban gwada ba. Da ita na je, da ita na dawo.

Gaba kaɗan muka hau gada. Kogin ya cika, ja wur, yana tafiya ba ƙara, ɗauke da wata bishiya sukutum da ganyenta. Ba wanda ya ce a yi shiru, amma motar ta yi tsit har muka haye. Na tuna mace ta huɗu, sai na lura ban taɓa tunanin ruwan ba. A takardata kalma ɗaya ce kawai.

Rana ta yi sanyi muka sauka Gombe, a unguwar Bolari, cikin hayaniyar masu keke da ƙarar masu walda. Mai keken da ya ɗauke ni ya ce, "Ina za ka je, Hajiya?" Na waiwaya neman namijin da yake wa magana. Daga baya na saba, domin a garin nan Hausa rigar aro ce ga mutane da yawa, kowa da yadda yake saka ta, kuma ba mai yi wa wani dariya.

Gidan su Sista yana Herwagana, a wani lungu tsakanin shagon kafinta da wata coci da ake gwajin waƙa a ciki. Mama Ladi ta tare ni a ƙofa, gajeriya mai faɗi, mai dariya da dukkan jiki. Ta riga ta aro buta da darduma a maƙwabta, ta ajiye mini a ɗaki.

"Gabas can ne, ta wajen injin niƙa," ta ce. "Kazar nan kuma Malam Buba na bayan gida ya yanka ta, kada ki yi ta kallonta kamar za ta tashi ta yi miki wa'azi."

Tuwon masara ne da miyar yakuwa da gyaɗa, mai tsami da ya sa idona ya yi ruwa, na kuma ƙara. A gidanmu ba mu saba cin tuwo fari fat haka ba, na dawa muka fi sani. Mama Ladi ta ce mutanen Katsina ai sai a hankali, komai nasu sai ya yi duhu kafin su yarda abinci ne.

Sista Rifkatu tana zaune a kujera kusa da taga, an lulluɓe mata ƙafafu. Ta rame har na so in kasa gane ta. Ɓarin dama ya mutu, baki ya karkace, idanun ne kawai suke nan yadda na san su. Cikin duk maganar duniya kalma ɗaya ciwon ya bar mata: "To." Da ita take gaisuwa, da ita take neman ruwa. Bayanta kwalaye ne jere har kusan rufi, cike da kaset, kowanne da lamba a jikinsa, babu suna ko ɗaya. Ɗakin yana ƙanshin man zafi da tsohuwar takarda, kuma ina shiga na ji kamar na katse wa mutane da yawa hira.

Na durƙusa na gaishe ta, na ce Mama ga aikinmu ya kusa fitowa. Na zauna a ƙasa na karanta mata maƙalar, wadda sunanta yake kai amma ba ta taɓa jin ta ba. Da na zo wajen mace ta huɗu, ta fara buga hannun kujera da hannunta mai lafiya. "To. To. To." Idonta ya kawo ruwa.

"Murna take yi," in ji Mama Ladi, amma ba ta yi dariya ba.

Da safe, bayan kunun gyaɗa da masa, wadda mu muke ce wa waina, Sista ta yi ta nuna wani kwali da haɓa har Mama Ladi ta sauke shi. Ta zaro kaset mai lamba huɗu, ta sa aka ɗora mata rikoda a cinya, ita da kanta ta danna. Ƙas.

Muryarta ce ta fito, ta lokacin da take da ƙarfi, tana cika ɗakin, ga mai muryar nan zaune baki a karkace tana saurare. "Dada, ki gaya mini sunan yarinyar." Sai shiru. A takardar da aka aiko mini an rubuta "ba amsa", kalma biyu, na wuce su da ido sau ɗari. A kaset kuwa shirun yana da tsawo, kuma akwai abu a cikinsa. Akwai numfashi. Akwai wani ɗan sauti, tsit, tsit, a jere kamar bugun zuciya, wanda ban gane ko na mene ne ba. Can nesa tantabara tana kuka. Har na ɗauka kaset ɗin ya lalace, sannan wata murya a hankali ta ce, "Ta ɗakin can." Ga injin niƙa yana ta ruri a waje.

Sista ta kashe rikodar ta zuba mini ido. Ban gane ba. Na ce mata kada ta damu, yau zan dawo da takardar a cike.

Mama Ladi ta raka ni Kagarawal, unguwar da mace ta huɗu take, domin ta taɓa raka yayarta gidan shekarun baya. Keke ya ajiye mu inda kwalta ta ƙare, muka taka ta cikin yashi, tsakanin gidaje da 'yan gonakin masara. Muka bi gefen wani kwari mai zurfi da ruwa ya zaftare, busasshe a ranar, yara sun yi hanya ta cikinsa. Mama Ladi ta nuna shi da baki, na gane nan ne ruwa ya ci yarinyar.

Gidan a share yake tas, har ana ganin sawun tsintsiya a ƙasa. Wata mace mai matsakaicin shekaru ta fito da ƙwarya a hannu. Goggo Adama ke nan, ƙanwar mijin Dada. A gindin bishiyar darbejiya wata doguwar tsohuwa siririya tana zaune a tabarma, ta ba mu gefe, tana saƙa faifai. Ita ce Dada. Allurar tana huda kaba, tsit, tsit. Nan take na gane sautin kaset.

Na yi sallama, na ce, "Sunana Safiyya, daga Katsina nake."

Ƙwaryar ta karkace a hannun Goggo Adama, nono ya zuba a kan ƙafarta. Allurar ta tsaya. Na ɗauka ba su ji ba ne, ko Hausata ta yi musu sauri, sai na ɗaga murya na maimaita. "Safiyya. Safiyya nake, abokiyar aikin Sista." Wata mace da ke daka a bayan danga ta dakata da taɓarya a sama. Na ce a raina tsoron mutanen asibiti ne, na saba ganinsa.

Tsohuwar ce ta fara magana, ba ta juyo ba. "A shimfiɗa wa baƙuwa."

Gaisuwarsu ta Fulani doguwa ce, a hankali, ido a ƙasa, "jam" na bin "jam" kamar ana jera ƙwarya. Aka kawo kindirmo da dakkere, irin dambun geronsu, sannan kowa ya tashi ya ba mu wuri. A Katsina mai gida kan tsaya a kanka ne yana cewa ƙara, ƙara, har ka rasa inda za ka sa. A nan kunya ce a kalli baƙo yana ci. Muka sha mu biyu a tsakar gidan da babu motsi, ina jin idanu a bayana, in na waiwaya ba kowa.

Da suka dawo na fito da takardar. Dada tana jin Hausa sarai, tana kuma yin ta a tsanake. Na tuna mata hirar da Sista, na ce an rubuta ta za a buga a mujalla.

"Su wa za su karanta?"

Na ce ma'aikatan jinya, a nan da ƙasashen waje.

"Sun san ni?"

Na ce a'a, mun cire sunanta. Ta ce me muka sa. Na ce mace ta huɗu. Ta ɗan murmusa a kan faifanta.

"Ashe ku ma kuna da kunya. Ba ku kama suna."

Ƙa'ida ce kafin mutum ya dangwala a gaya masa abin da aka rubuta a kansa. Na fara mayar mata da Hausa, ina tafiya lafiya har na iso tsakiyar. A nan jimlolin nan nawa masu daɗi suka ƙi shiga bakina. Da Turanci suna da riga da hula. Da Hausa sai suka fito tsirara. Na ce, "An rubuta cewa, saboda zafin rashin, kin manta da ita. Ba kya tuna sunanta, ba kya sa ta cikin 'ya'yanki."

Dada ba ta motsa ba. Goggo Adama ce ta tafa hannu.

"La'ilaha illallahu! Ke 'yar nan, a wace ƙasa aka haife ki? Ba ki da uwa ne?"

Na ce ina da ita.

"Ke ce ta nawa a wurinta?"

Na faɗa mata. Ni ce ta fari.

"To tun da kika zo duniya kin taɓa jin ta kama sunanki? In baƙo ya ce 'ya'yanta nawa, da ke take farawa?"

Ban taɓa ji ba. Shekara ashirin da tara ina "ke", ina "waccan", ina "yayarku". Ranar da na gama makaranta kowa ya rungume ni, Innata ta shige madafa ta yi ta hura wutar da ta riga ta kama. Na san wannan kamar yadda na san tafin hannuna. Babu 'yar Katsinar da za a koya wa kunyar ɗan fari. Amma da abin ya zo mini da Turanci, an buga shi da inji, da lamba a kansa, sai na dube shi kamar baƙo, na ba shi sunan cuta.

Mama Ladi ta ce a hankali, "Wayyo. Abin da ya sa yayata take ta buga kujera ke nan."

Dada ta ajiye allura ta miƙe. "Zo, baƙuwa."

Ta kai ni wani ɗaki a ƙarshen gidan, ta ɗaga asabari. Da farko duhu kawai na gani, da ƙanshin kaba da turaren wuta. Da idona ya saba sai na ga bangon. Faya-faye ne tun daga ƙasa har sama, bango huɗu, an jera su kamar idanu. Dukkansu zane ɗaya ne: ja a tsakiya, baƙi ya kewaye shi, sai wani layin kore da ya faro ya tsaya a rabi. Kowanne a daidai wuri ɗaya koren yake yankewa, sauran a cike shi da farar kaba. Gado a gyare, ba ƙura ko ɗaya. A kan matashin akwai wani tsohon faifai da ya koɗe, ba a gama shi ba, allura tana soke a inda koren ya tsaya.

"Nata ne," in ji Goggo Adama daga bakin ƙofa, da raɗa. "Ta ajiye ta ce za ta dawo ta ƙarasa."

Dada ba ta dubi gadon ba, ba ta dubi bangon ba. Ƙasa take kallo, kamar yadda uwa take yi idan ɗan farinta ya shigo ɗaki.

Muka koma tabarma. Na ce zan gyara, zan goge duk abin da na rubuta, in faɗi gaskiya: cewa ba ta manta ba, cewa kullum tana tare da ita, in kawo maganar faya-fayen. In ta yarda ta dangwala, gyaran kwana biyu ne. Na gaya mata halin da Sista take ciki, da abin da take jira.

Ta daɗe tana juya faifan a hannu.

"Sista mutuniyar kirki ce. Ta zauna da ni lokacin da mutane suka gaji da zama. Amma dubi nan, baƙuwa. In na sa hannu a ta farko, na yi shaidar na manta, ƙarya ke nan, kuma za a tambaye ni. In na sa a ta biyu, na tsaya gaban duniya ina cewa ga wadda nake so." Ta girgiza kai. "Tana da rai ban yi mata wannan rashin kunyar ba. Sai yanzu?"

Na ce ba wanda zai san ita ce.

"Ni zan sani."

Na tattara takardata. Da za mu tafi ta ƙulle bakin faifan da take saƙawa, ta yanke zaren da haƙori, ta miƙo mini ba tare da ta dube ni ba. Ja, baƙi, kore rabi. Ta ce wa Goggo Adama, "Ki ce mata ta gaida uwarta." Ina tsaye a gabanta, amma ta wata ta aiko saƙon. Har muka fita ba ta kira ni da komai ba sai baƙuwa.

A keke, takardar tana cinyata, gurbin dangwalen fari fat. Mama Ladi ta dubi gurbin, ta dubi yatsana.

"Ga yatsa da tawadarsa a shirye," ta ce, rabi wasa. "Su waɗancan na bayan labulen, sun san zanen hannun Dada ne?" Sai muryarta ta karye. "Ba za ta kai wata damina ba, Safiyya."

Ba zan yi ƙarya ba, na daɗe ina kallon yatsan nan. Daga Kagarawal har Herwagana ina kallonsa. Gyaran kwana biyu, dangwale ɗaya, tsohuwa ta ga sunanta ta tafi da farin ciki. Ba wanda zai cutu, in ban da wata mata a gindin darbejiya wadda ba za ta taɓa ji ba. Amma maganarta ta riga ta zauna mini a kunne, kuma ta dace da ni kamar yadda ta dace da ita.

Na durƙusa gaban Sista na gaya mata komai. Na ce Mama na yi kuskure, kuma Dada ta ƙi, kuma ba tare da mace ta huɗu ba maƙalar ba ta da ƙashin baya. Zan janye ta. Zan sake wata daga tushe, a kan tambayoyin da muke yi wa mata da yadda muke karanta shirunsu, ba tare da kalmar Dada ko ɗaya ba. Na ce zai ɗauki lokaci, wataƙila shekara. Mu duka mun san abin da shekara take nufi a ɗakin nan.

Ta rufe ido. Can ta miƙo hannunta mai lafiya ta kama babban yatsana, shuɗin nan, ta juya shi ta duba, ta riƙe.

"To," ta ce. Wannan karon sau ɗaya.

Washegari na kamo hanya. Daga cikin mota na aika wa edita saƙon janyewa, ya amsa da ladabi, ya ce ƙofa a buɗe take. Da na shiga gida Innata tana tsince shinkafa. Ba ta ɗago ba. Ta ce, "Ke, an dawo?" Na ce an dawo, wata tsohuwa a Gombe tana gaishe ki. Na tsaya ina kallon bayan wuyanta har ta ce in matsa ina tare mata haske.

Sabuwar maƙalar ta fito bayan shekara ɗaya da 'yan watanni, sunan Sista Rifkatu a gaba, nawa a baya. Ba ta gani ba. Ta rasu saura wata huɗu. Na aika wa Mama Ladi kwafi, ta ce ta kai coci an ɗaga an nuna wa jama'a, ta kuma ajiye shi a kan kujerar nan ta bakin taga. Har yau ban gama yanke wa kaina hukunci a kan watanni huɗun nan ba.

Kwanakin baya ta kira ni. Tana kwashe kwalayen, ta tsinci wani ƙaramin littafi a ƙasan akwati, wanda Sista ta rubuta sunan kowace mace kusa da lambarta. Ta ce yaya za ta yi da shi. Na ce ta ƙona, haka ƙa'ida ta ce, kuma kada ta karanta.

"Ai kin makara, na riga na buɗe," ta ce. Ina jin injin niƙa ta cikin wayar. "A shafin ta huɗu, a gefe, yayata ta rubuta sunan yarinyar da fensir. Goggo Adama ce ta gaya mata."

Na ce kada ta faɗa mini.

"Ai kin san shi," in ji Mama Ladi. "Sau uku kika faɗe shi a tsakar gidan."